Tsarin Kitso da Kula da Mai Kai: Darasi Domin Masu Koyon Sana'ar Gyaran Gashi

Kitso yana cikin tsofaffin sana'o'in mata a ƙasar nan, kuma har yanzu yana cikin waɗanda ba su bukatar babban jari. Da mataji da kibiya da ɗan mai da tabarma, mace tana iya fara neman na kanta. Amma sauƙin shiga sana'a daban, gwaninta a cikinta daban. Yawancin masu koyo, ko a gida wajen uwa da gwaggo, ko a shago wajen uwar ɗaki, ko kuwa a cibiyar koyon sana'a, abin da suka fi sa wa ido shi ne saurin yatsa da ƙanƙantar kitso. Waɗannan kuwa suna zuwa da kansu idan hannu ya saba. Abin da ba ya zuwa da kansa shi ne sanin kan da ake yi wa aiki, watau wane fasali ne ya dace da wannan fuska, wane nauyi ne wannan gashi zai iya ɗauka, kuma mene ne zai sami mai kan bayan ta bar hannun makitsiya.

Dalilin wannan bayani a fili yake. Duk mai lura, idan mata suka zame ɗankwali a cikin gida ranar biki ko suna, za ta ga da yawansu gashin gaban goshi da na wajen kunnuwa ya ja da baya, wasu ma ya tafi ƙaf. Akan ɗora laifin a kan haihuwa, ko gado, ko ruwan rijiya. Sau da yawa kuwa laifin na hannu ne. A ƙasar Afirka ta Kudu, likitocin fata sun duba kawunan mata a birnin Kef Tawun, suka buga sakamakonsu a 2007, inda suka sami irin wannan sanƙo na ja a kan kusan mace 1 cikin kowane 3, da kuma 'yan mata 'yan makaranta kimanin 17 cikin 100. Irin gashinsu irin namu ne, irin kitsonsu kuma bai yi nisa da namu ba.

Abin da ake aiki da shi

Kan ɗan Adam yana ɗauke da silin gashi wajen 100,000. Kowane sili yana fitowa ne daga wani ɗan rami a cikin fata, inda saiwarsa take zaune tana shan jini. Saiwar ce mai rai. Abin da ya fito waje, wanda ake tajewa ana kitsewa, ba shi da rai, shi ya sa ake yanke shi ba a ji zafi ba, shi ya sa kuma idan ya lalace ba ya warkewa. Babu wani mai a kasuwa da zai haɗe silin da ya tsage, sai dai ya lafe shi na ɗan lokaci.

Gashin baƙar fata yakan ƙaru da abin da bai cika santimita 1 ba a wata. Kowane sili yana shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, sa'an nan ya huta, ya faɗi, wani ya tsiro a gurbinsa. Sabili da haka zubar sili 50 zuwa 100 a yini ba ciwo ba ne. Ya kamata ɗaliba ta riƙe wannan, domin idan mace ta yi mako 3 da kitso, duk gashin da ya kamata ya zuba a kwanakin nan yana nan maƙale, kuma ranar tsifa zai fito gaba ɗaya a mataji. Mai kai takan tsorata. Aikin makitsiya ne ta kwantar mata da hankali, ta kuma san bambanci: silin da ya faɗi don lokacinsa ya yi yana da ɗan farin kai a gindinsa, wanda ya karye kuwa gajere ne, ba shi da shi.

Silin gashinmu ba zagayayye ba ne kamar zare. Shafaffe ne, yana kuma murɗewa, kuma kowace murɗa wuri ne mai rauni. Har ila yau, maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa cikin sauƙi har bakin gashi saboda lanƙwasar. Wannan ne ya sa gashinmu ke saurin bushewa, musamman da hunturu, kuma taje shi a bushe da mataji mai ƙananan haƙora karya shi ne kawai. A yayyafa ruwa, a shafa man kaɗe ko man kwakwa, a raba shi kashi-kashi, a fara tajewa daga baki ana hawa zuwa gindi. Matan Barno da na ƙasar Hausa da suke wanke kai da karkashi sun daɗe da gane wannan, domin yauƙinsa yana sa mataji ya wuce ba da gardama ba.

A duba kai kafin a taɓa shi

Hausawa suka ce ba a kitso da ƙwarƙwata, kuma a wannan sana'a maganar a zahirinta take. Kafin a yi tsaga ko ɗaya, sai a zaunar da mai kai inda haske yake, a buɗa gashin wuri-wuri: gaban goshi, bayan kunnuwa, tsakiya, da ƙeya.

Amosani ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani, ana iya wanke kai a yi aiki, sai dai kada a kankare shi da kibiya har fata ta yi ja. Ƙwarƙwata kuwa ana gane ta da ƙwayayenta da ke manne a jikin sili, waɗanda ba sa kaɗuwa kamar amosani. A nan tilas a tsaya, a gaya wa mai kai a asirce, ta nemi magani a kantin magani, ta kuma maimaita bayan kwana 7 zuwa 9, domin ƙwan da ya tsira yana ƙyanƙyashewa a tsakanin nan. Akwai wata muguwar al'ada ta zuba fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona ko kananzir a kai, a ɗaure da leda a kwana. Dafin yana ratsa fata ya shiga jini, kuma an yi asarar rayuka ta haka a ƙasar nan. Makitsiyar da ta yi wannan, ko ta ba da shawarar a yi, ta ɗauki alhakin rai.

Makero ya fi kama yara. Alamarsa tabo zagayayye mai ɓarɓashi, gashin wurin ya kakkarye. Yana bin mataji da tawul daga kai zuwa kai, kuma man shafawa kaɗai ba ya kashe shi a fatar kai, sai an haɗa da maganin sha na makonni daga asibiti. Haka kuma idan aka ga wuri ya goge sumul kamar kwabo ba ƙaiƙayi, ko tsakiyar kai tana ta yin fili a hankali, ko akwai gyambo ko ruwa, wannan aikin likita ne. Makitsiya ba ta ba da magani. Amma ita ce mai ganin tsakiyar kan da mai shi ba ta gani, don haka sau da yawa ita ce ta farkon ganin ciwo.

Sa'an nan a yi tambaya. Yaushe aka sa man miƙar da gashi? An taɓa yin rini ya kumbura fuska? Ana jego ne? Mai jego takan yi zubar gashi mai yawa daga wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, abin kuma yakan koma daidai kafin yaro ya shekara. Wadda ta tashi daga zazzaɓi mai tsanani ma haka. Irin waɗannan kawuna manyan kitso sassauƙa suke so.

Ka'idojin fasali

Marigayi J. D. 'Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoto, ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya a 1968, ya kuwa tara kusan 1,000 kafin rasuwarsa a 2014. Yawancinsu daga baya ko daga gefe ya ɗauke su, ba a ganin fuska. Mai nazarin waɗannan hotuna za ta ga cewa tsofaffin makitsa sun ɗauki kai kamar ƙwaryar da ake yi wa zane: abu ne mai zagaye, ana kallonsa ta kowace fuska, kuma zanen da ya yi kyau ta gefe guda ya karkace ta ɗaya bai yi ba.

Ka'ida ta farko ita ce tsaga. A kitson kwance, ido yana ganin farin layin tsaga kamar yadda yake ganin kitson kansa, har ma ya fi. Kitso mai kyau bisa karkatacciyar tsaga ɓata lokaci ne. Idan fasalin mai raba kai biyu ne, sai a ɗauki tsakiya daga karan hanci, a bi ta tsakiyar kai, a sauka a ramin ƙeya. Kada a auna da kunnuwa ko da gefen goshi, domin a mutane da yawa ɓangarorin biyu ba daidai suke ba. A gama rarraba kai duka, a ɗaure kowane kashi, kafin a fara kitsa na farko. Ɗalibar da ke tsagawa tana kitsawa ba tare da ta raba ba, ita ce za ta iso kunnen hagu ta tarar saura gashin kitso ɗaya da rabi.

Layi yana jan ido zuwa inda ya nufa. Layukan da suka miƙe sama suna ƙara wa fuska tsawo. Waɗanda suka kwanta a gicciye suna ƙara mata faɗi. Masu lanƙwasa suna tausasa fuskar da ke da ƙashi, masu karkata kuwa suna ɗauke ido daga abin da ba a so a kalla. Daga nan ne dukan maganar dacewa ta taso. Masu koyarwa sukan raba fuska kashi 3: daga mafarin gashi zuwa gira, daga gira zuwa ƙarshen hanci, daga hanci zuwa haɓa. Idan kason nan uku sun yi kusan daidai, kuma tsawon fuska ya ɗan fi faɗinta, kusan kowane kitso yana karɓarta. Idan ba haka ba, aikin makitsiya shi ne ta cika inda ya gaza, ta rage inda ya yi yawa.

Mai zagayayyar fuska da kumatu, shuku yana yi mata kyau, domin yana tattara gashi sama ya ba ta tsawo. Shukun nan da muka aro daga Yarbawa, idan aka ɗora shi a kan mai doguwar fuska da dogon wuya, sai ya ƙara mata tsawon da ba ta bukata. Ita wannan, abin da ya dace da ita shi ne kalaba ko kitson da ke saukowa ta gefen kunnuwa, irin na Fulani, wanda ke cika gefe. Mai faɗin goshi, kada a kwashe mata gashi duka a miƙe baya. A karkata tsagar, a sa layukan gaba su ratsa goshi zuwa gefe guda. Mai faɗin muƙamuƙi tana son layuka masu lanƙwasa da jelar kitso da ta wuce haɓa, kada ta tsaya daidai kanta. Mai gajeren wuya kuwa a ɗage mata gashi daga ƙeya. Waɗannan ba dokoki ba ne na dole, kuma mace tana da ikon son abin da bai bi ka'ida ba. Amma wajibi ne makitsiya ta san su, don idan ta kauce musu ta kauce da sani.

Sai girman kitso. A nan ne fasali da lafiya suka haɗu. Gashi mai cika yana ɗaukar ƙananan kitso ya yi kyau. Gashi mara cika, idan aka yi masa ƙanana, fatar kai ce za ta fi fitowa, kuma kowane kitso yana rataye ne a kan sili kaɗan. Doka dai ita ce, gindin kitso ya yi daidai da nauyin da aka ɗora masa. Wannan ya fi muhimmanci idan ana ƙari da gashin doki. A ɗebi ɗan gashi kamar tsinken ashana a gaban goshi, a rataya masa ƙari mai kaiwa gadon baya, to an ɗora wa 'yan saiwoyi kaɗan kayan da ya fi ƙarfinsu, dare da rana, har makonni.

Kowane kai kuma yana da makwantar gashinsa. Akwai inda yake juyawa a tsakiya, akwai inda yake kwantawa gaba ko gefe. Kitson da ya bi makwanta yakan kwanta lafiya ya daɗe. Wanda ya saɓa mata sai an ja shi da ƙarfi kafin ya kwanta, kuma shi ne ke fara tashi.

Ado ɗaya ya isa kai ɗaya. Idan zanen tsakiya shi ne abin kallo, a bar gefe a sauƙaƙe. Idan za a sa duwatsu ko tsabar azurfa a jela, kada a cika tsagar da kwane-kwane. Dokar kakanninmu, wadda ake tayar da gashi bisa ɗan matashi a tsakiyar kai, kwarjininta daga nan yake: abu guda ne ya tashi, saura duk suka yi masa biyayya.

Akwai wani abu da littattafan ƙasashen waje ba su cika kulawa da shi ba, alhali a nan shi ne kan gaba. Yawancin matanmu ɗankwali ko gwaggwaro ko hijabi suke sawa a kan kitson. Tulin gashi a tsakiya yana gyara zaman ɗauri, amma yana hana mai ɗaukar kaya aza gammo. Ƙulli a ƙeya yana hana kwanciya rigingine. Ma'aikaciyar da ke sa hula a wurin aiki tana bukatar kitso mai kwanciya. Mata Musulmi da yawa ba sa yarda da ƙarin gashi saboda addini, kuma suna son kitson da ruwa zai ratsa zuwa fata wajen wanka. A garuruwa irin su Ikko da Ibadan da Fatakwal, makitsiya ɗaya tana iya taɓa kan Bahaushiya da Bayarabiya da 'yar ƙabilar Ibo a yini guda, kowace da bukatarta. A tambaya, kada a ɗauka an sani.

Abu na ƙarshe a wannan babi: makitsiya tana zaune a baya ne, tana kallon kai daga sama. Duniya kuwa daga gaba take kallonsa. Bayan kitso 2 ko 3 na farko, sai ta tashi ta zagayo gaba ta duba, ta kuma miƙa madubi. Warware uku ya fi warware talatin sauƙi.

Maganar ja

An daɗe ana gaya wa 'yan mata cewa kitson da bai yi zafi ba ba zai kwana ba. Wannan magana ba gaskiya ba ce, ta kuwa cinye goshin mata da yawa. Abin da ke sa kitso ya daɗe shi ne tsabtar tsaga, da ɗiban gashi daidai-daidai, da riƙo iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Tun a 1907 aka rubuta bayanin irin wannan sanƙo a littattafan likita, a kan matan tsibirin Girinlan masu ɗaure gashi tamau a tsakiyar kai. Watau ba ciwon wata ƙabila ba ne, duk inda aka ja saiwa aka daɗe ana ja, sakamakon ɗaya ne.

Alamun sun bayyana. Fata ta tashi tsakanin layuka kamar an kafa tanti. Gira ta ɗage, ido ya ja gefe. Mai kai ba ta iya sunkuyawa ko tauna ba tare da jin zafi ba, ko sai ta sha maganin ciwon kai kafin ta yi barci. Bayan kwana biyu ƙananan ƙuraje su feso a gindin kitson gaba. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa a sassauta nan take. Da farko saiwar kumbura kawai take yi, idan an huta mata gashi yana dawowa cikin watanni. Idan aka ci gaba shekara da shekaru, ramin yakan toshe ya zama tabo, daga nan kuwa babu man da zai tsirar da shi, kome tsadarsa, kome abin da mai talla ya faɗa.

Saboda haka a bar ƙananan gashin bakin goshi, kada a tsinto su a cusa cikin kitso. A riƙa sauya wajen da layuka suka nufa, kada a yi ta maimaita tsaga ɗaya. Kitson da aka yi wa ƙari kada ya wuce mako 6 zuwa 8, a kuma bar kai ya huta kafin a sake. Binciken Afirka ta Kudu da aka ambata ya nuna cewa haɗarin ya fi yawa idan an ɗora ƙari a kan gashin da aka miƙar da mai. Yara kuwa, kukansu shaida ne. Yarinyar da ke kuka a gaban makitsiya ba lalle rashin kunya take yi ba, kuma mari da mataji ba ya cikin sana'a.

Man miƙarwa da rini

Man miƙar da gashi, wanda mata ke kira rilaksa, yawancinsa yana ɗauke da soda mai ƙuna irin wadda ake yin sabulu da ita. A ma'aunin da masana ke kira pH, mai tafiya daga 0 zuwa 14, gashi da fatar kai suna wajen 5, wannan mai kuwa yana kai wa 12 zuwa sama. Wanda aka rubuta wa cewa ba shi da soda ma yana ƙuna. Kada a sa shi a kan da aka tsefe ko aka sosa a ranar, ko mai rauni. A shafe fatar kai da kunnuwa da bakin goshi da basilin, a sa safar hannu, a bi mintocin da aka rubuta a jikin gwangwani da agogo. Jiran sai mai kai ta ce ya fara cin ta kuskure ne, domin a lokacin fata ta riga ta ƙone. A wanke da ruwa mai yawa da shamfun da aka yi domin kashe ƙarfinsa. Idan za a maimaita, sai bayan mako 8 zuwa 12, a kan sabon toho kaɗai. Kada a yi kitso mai ja sai an sami kamar mako 2. Ba a sa wa ƙananan yara.

A 2022 Cibiyoyin Nazarin Lafiya na Amurka sun buga sakamakon bin diddigin mata fiye da 33,000, inda aka ga masu amfani da kayan miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara sun ninka waɗanda ba sa amfani da su wajen kamuwa da sankarar mahaifa. Ciwon ba mai yawa ba ne ko a cikinsu, kuma binciken alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa man ne sanadi ba. Duk da haka ya isa dalilin rage yawan sawa, da barin taga a buɗe, musamman ga makitsiyar da ke shaƙarsa kullum.

Baƙin rini, da abin da ake kira baƙin lalle, sukan ƙunshi wani sinadari da ake taƙaita sunansa PPD, wanda ke kumbura wa wasu fuska har ido ya rufe. Lallen gargajiya ja yake bayarwa, ba baƙi ba. Kafin a yi rini, a ɗiga kaɗan a bayan kunne, a jira awa 48, ko da mai kai ta taɓa yi lafiya a baya. A kuma duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa a kan kowane kaya. Abin da aka ɗura a kwalbar da ba ta da suna, kada ya hau kan kowa.

Tsabtar kayan aiki

Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jinin da ido ba ya gani. Reza ɗaya, mutum ɗaya, a buɗe ta a gaban mai ita, a jefa a gwangwani mai murfi. Allurar ɗinka ƙari da almakashi da kibiyar ƙarfe, a wanke su da sabulu, sa'an nan a tafasa minti 20. Mataji na roba a cire gashin, a wanke, a jiƙa minti 10 a ruwan bilic. Idan bilic ɗin mai ƙarfin 3.5 cikin 100 ne, irin Jik, awo 1 ake zubawa a awo 6 na ruwa, a kuma haɗa sabo kowace safiya. Matajin katako yana shan maiƙo, ba ya tsabtatuwa sosai, gara kowace mace ta zo da nata. Tawul ɗaya ba ya hawa kai biyu. A wanke hannu tsakanin kai da kai, a yanke farce. Wajen tsoma jelar ƙari a tafasasshen ruwa, a rufe wuya da kafaɗa da tawul mai kauri, a kuma kawar da yara.

Zama da mai kai

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A tashi a gaida wadda ta shigo da sunan da ya dace da shekarunta, ko Hajiya, ko Iya, ko Yaya. A faɗi kuɗi da tsawon lokaci kafin a kama kai, domin yawancin rigimar shago daga nan take tasowa. Idan aikin na awa 5 ne, kada a ce 2. A ba da damar miƙe ƙafa da yin salla, a kuma lura da mai ciki da tsohuwa, waɗanda dogon sunkuyo ke wahalarwa. Juya kan mutum da ture ba ladabi ba ne, a ce mata ta ɗan karkato.

Wuri mafi wuya shi ne inda mai kai ta zo da hoto a waya tana son abin da kanta ba zai ɗauka ba. Ƙin yi kai tsaye yana korar ta zuwa shagon gaba, yin shiru a yi kuma cuta ce. Ga irin yadda akan faɗa: "Hajiya, wannan kitso yana da kyau ƙwarai. Sai dai na ga gashin gabanki yana son hutu. In kin yarda, bari in yi miki mai kama da shi, in ƙara girmansa a gaba, in rage tsawo. In Allah ya kai mu wata biyu sai mu duba." Mafi yawan mata sukan yarda idan an nuna musu wurin a madubi. Wadda ta nace a kan abin da zai ƙone ta ko ya tsige mata kai, gara a ba ta haƙuri a rasa kuɗin ranar.

Abin da makitsiya ta gani a kai, da abin da ta ji a baki, amana ne. Sanƙo, da furfura, da ƙwarƙwata, da zancen gidan miji, duk a nan suke tsayawa. Wurin kitso ya yi suna wajen gulma, kuma mace ba ta komawa inda ta ji ana yi da wata, don ta san idan ta fita da ita za a yi.

Yana da kyau a ajiye ɗan littafi: sunan mai zuwa, da ranar da aka sa mata mai ko rini, da irinsa, da abin da ya biyo baya. Kafin ta tafi, a gaya mata ta riƙa ɗaura kallabi mai santsi da dare, ta shafa mai kaɗan a tsaga, ta busar da kai sosai bayan wanka kafin ta rufe, kuma idan zafi ya kwana ta dawo a sassauta mata ba da ƙarin kuɗi ba. Ita ma makitsiya ta kula da kanta: kujerar mai kai ta zama ƙasa da tata yadda ba sai ta ranƙwafa ba, ta kuma riƙa miƙe baya da yatsu tsakanin aiki.

Aikin gwaji

A wannan mako kowace ɗaliba ta sami kawuna 3 masu fuska daban-daban a cikin 'yan'uwanta. Ta zana siffar kowace fuska a takarda, ta rubuta abin da ta gani a fatar kai da bakin goshi, da kitson da ta zaɓa da dalilinta. Sa'an nan ta yi tsaga kaɗai, ta raba kan duka ta ɗaure, ba tare da ta kitsa ko ɗaya ba, ta kawo wa malama ta duba ta gaba da ta gefe da ta baya.